Wayar da Kika Zare

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan jiki da sauƙi. Ina gaida Anti da 'yarmu Mamana.

Ga shi nan a cikin ambulan, kashi na biyu na littafina Garin da Ba Ƙasa. Shekara uku mutane na bina da tambaya. Ko mai kemis ɗin ƙasan ofishinmu ba ya barina in wuce sai ya ce, "Malama, yaushe Mai Tsani zai dawo?" To, ya dawo.

Ba wanda ya karanta sai ni. Kai ka fara jin na farko, lokacin da nake rubuta shi a gefen gadonka a asibiti, kana ce min ba haka ake haɗa waya ba. Don haka wannan ma kai ne farko. Da gangan na buga maka shi a takarda, idonka ya ɗan huta da kallon waya. Ƙarshen wata zan miƙa wa maɗaba'a.

Ka karanta har ƙarshe kafin ka ce komai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardunki sun iso, na karanta har ƙarshe kamar yadda kika ba da umarni.

Kada ki wahalar da kanki da kira, na toshe lambarki. In kina da magana ki rubuto, tunda takarda kike so.

Babi goma sha takwas na bi ki ina jin daɗi. Mai Tsani ya sa hular nan mai wayoyi, gangar jikinsa na kwance a gado, shi kuwa ya koma garin da ke cikin kwamfuta yana tafiya da ƙafafunsa. Unguwar da kika ƙara, wadda ake ajiye muryoyin waɗanda suka rasu, ta yi kyau. Ɓarayin da ke sace fuskar mutum su sa, su ma sun yi. Har dariya na yi, Antinki ta leƙo ta ga ko lafiya.

Sai babi na goma sha tara. Ƙanwarsa ta shigo ɗaki, ta tsaya a kansa, ta yi hawaye shafi biyu, ta zare wayar daga bango. Gari ya mutu. Ya buɗe ido ya ga silin, ya ga ƙafafun da ba sa motsi, kuma wai ya ce mata na gode.

Na gode? Ni kike sa wa wannan a baki?

Kada ki ce min labari ne. Mutumin ma'aikacin lantarki ne, ya faɗo daga kan falwaya, lakarsa ta taɓu. Har tabon da ke haɓata kika ba shi. A na farko ban damu ba, don kin ba ni ƙafa. Yanzu kin zo kin karɓe a gaban duniya, kina jiran tafi.

In wa'azi kike son yi min, kin san hanyar gidana. Ba sai kin ɓata shafi ɗari uku ba.

Yayanki

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na ga wasiƙarka. Tunda rubutu ka zaɓa, to ka gyara kwanciya.

Eh, kai ne. Ban taɓa cewa ba kai ba ne.

Ka ce na san hanyar gidanka. Na sani, ina kuma zuwa. In zauna a kujerar roba ta bakin gado, in yi ta zuba kamar rediyo, kai kana "uhm, uhm", babban yatsanka na tafiya a kan waya. Zuwana na ƙarshe na ƙirga, minti arba'in ba ka ɗago ka dube ni ba.

Shekara huɗu, Yaya. Labulen ɗakinka ya kusa manne wa taga. Keken da muka sha wahala muka samo ya zama wurin rataye tawul. Mai gashin ƙashi ta zo sau uku, ka ce mata kana da aiki. Wane aiki? Mamana tana falo, bango ɗaya tsakaninku, sai ta tura maka saƙo a waya in tana son ka san ta zo ta ɗaya a ajinsu. Ranar ba da kyauta an tanadi mota, an tanadi masu ɗaukarka, ka ce a ɗauko maka bidiyo.

Wata takwas na yi ina juya ka a gadon asibiti. Ni na ƙirƙiro garin nan don ka daina kallon silin kana cewa gara ka mutu. Na yi shi ne ka ɗan fake kafin ka samu ƙarfi, ban ce ka kwashe kayanka ka tare a ciki ba. Duk ranar da wani ya yaba min littafin nan sai in ji kamar ni na kulle ka.

Ka ji haushi, ka toshe duk abin da za ka toshe. Babin yana nan.

Ƙanwarka, ko kana so ko ba ka so,
Auta

*

Auta,

Salam. Kin tambaya wane aiki. Shekara huɗu kina zama a kujerar robar nan, sai yau kika tambaya, shi ma da gatse.

Akwai zaure na masu aikin lantarki a waya, mun haura dubu biyu. Mutum yana gaban allon wuta ya rasa kansa, sai ya ɗauko hoto ya turo. Ni nake dubawa. Injiniya suke kirana. Watan jiya wani ya turo bidiyo zai sa hannu a akwatin da ya rantse ya kashe. Na ga wayar da aka ratso ta baya, na ce kada ya taɓa. Ya gwada, wuta na nan ɗanya. Mutumin 'ya'yansa biyar. A can ba wanda ya san a kwance nake. Ba mai yi min magana da muryar nan ta masu duba marar lafiya, ba mai ce min sannu kafin in buɗe baki. In na yi kuskure zagina suke yi, ina kuwa jin daɗin zagin.

Kin san me ya sa mutane suka dame ki da kashi na biyu? Ba don ɓarayin fuska ba. So suke su koma. Mai kemis ɗinki yana tsaye awa goma sha biyu a ɗaki kamar akwati. Kowa da gadon da yake kwance a kai. Kin buɗe musu gari inda ba a tambayar mutum yaya jikinsa yake, sai me ya iya. Suna jira ki kai su unguwa ta gaba, ke kuma kin tanadar musu mari.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Na sake karanta babin. Ƙanwar ta ce, "Ina wanke jikin mutum, ina ciyar da shi, amma mutumin yana wani wuri da ba a ba ni adireshi ba." Wannan ba maganarki ba ce. Ba haka kike magana ba. Shekara goma sha shida nake aure da Antinki, na san yadda take ɗora kalma a kan kalma.

Wato zama kuka yi a kaina. Ta kai ƙarata, ke kika rubuta. Na tambaye ta, ta ɗauki tire ta fice, wannan ya ishe ni amsa. Yau kwana uku ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga ni da kwantar da ni.

Ki buga littafinki. Ki sa sunanta a bango, ku raba yabon.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aiki. Ni ce matar yayanki. Ban iya tsara rubutu irin naku ba, ki yi haƙuri da abin da kika gani.

Ban taɓa zaton za ki yi min haka ba. Rana ɗaya ce tak na kasa riƙe kaina, a kicin, ina yanka albasa, na faɗa miki abin da ban faɗa wa uwar da ta haife ni ba. Kika rungume ni. Ashe haddacewa kike yi. Ko ki canja kalma ɗaya, Auta.

Kuma abin da ya fi ci min rai, kin ɗauki maganata kin sa a bakin ƙanwa. Matar Mai Tsani fa? Na karanta bayan ya yi jifa da takardun. Sau huɗu ta fito, duka tana ɗauke da tire. Bayana ne ke ciwo, ni ke tashi in juya shi, amma a littafi ƙanwa ce mai hawaye, ita ce mai ceto.

Wa ya ce miki ina so a zare waya? Ke ba ki ga shekarar farko a gidan nan ba, bayan kin koma aikinki. Ɓoye reza nake yi. Wayar nan ce ta sa ya fara neman a aske masa gemu.

Zan faɗa miki wani abu, in kuma na gan shi a littafi, ni da ke har abada. Wata bakwai da suka wuce na sayi wani layi na shiga zauren nasu. Na ce ni sabon ɗan koyo ne. Soket ɗin kicin ya ƙone, na ɗauki hoto na tura. Auta, ya amsa min. Ya yi min bayani tiryan-tiryan, ya tsokane ni wai na riƙe sukudireba kamar cokali. Ina tsaye a kicin ina jin dariyarsa ta bango, ni yake yi wa, bai sani ba. Na gyara soket ɗin da hannuna. Yanzu na iya canja fis, na iya haɗa suwic mai hanya biyu. Kullum muna hira. Mutumin da na aura yana can, lafiyarsa ƙalau, har da barkwancinsa. In na shigo ɗaki da ruwan wanka ne yake ɓacewa.

Na san ba daidai ba ne. Amma da shi nake numfashi, kuma ina ta neman ranar da zan faɗa masa. Yanzu kin sa ko kallona ba ya yi. Jiya na zo ɗaga shi ya ce, "A rubuta wannan ma."

Na gaji. Jibi zan tafi gidan yayata da Mamana, kwana goma. Na yi magana da ma'aikacin jinyar da ke zuwa da safe, zai riƙa zuwa har yamma kafin ki iso. Tunda kin iya zare waya, zo ki ɗauki tiren.

Ki gaida mutanen gidan.

Antinki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya.

Na je maɗaba'a na ce su dakata. Manajan ya yi ta faɗa, ya ce sun riga sun sanar, na ce ya sanar da cewa an fasa. Ban san me zan yi da babin ba. Na zauna in gyara, na ga ban san abin da Mai Tsani yake yi a garin ba in ba na kallonsa. Laifina ne, ban tambaya ba.

Amma ban janye maganar labule ba, ban janye ta Mamana ba. Mutum dubu biyu suna da Injiniya, yarinya ɗaya tana tura wa ubanta saƙo daga falo. Wannan ba ni na ƙirƙira ba.

Abin da na yi wa Anti kuwa ba shi da kyau. Ba ƙararka ta kai ba. Kuka ta yi sau ɗaya, ni na sace. Na rubuta mata, ba ta amsa ba, kuma tana da gaskiya. Kai kuma da kake hukunta ta da shiru, wallahi ba ka san wadda kake aure ba. Akwai abin da matar nan take yi saboda kai wanda da ka sani da kunya ta hana ka buɗe ido. Ba daga bakina za ka ji ba, na yi alkawari.

Na ɗauki hutu. Ina zuwa ranar Laraba, zan zauna har ta dawo, in ta dawo. Ka shirya, hannuna bai kai nata taushi ba, kuma zan buɗe taga.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salam. Riƙe alkawarinki, ba na bukata.

Ni na ɗaura soket ɗin kicin ɗin nan shekara tara da suka wuce. Tayil ɗin gefensa ni na fasa. Tun hoton farko na gane. Na yi shiru ne don a can na iya yi mata magana, a nan kuwa in ta shigo da bahon wanka sai harshena ya mutu. Shi ya sa maganar adireshin ta ƙona ni, don na ɗauka mun riga mun samu wurin haɗuwa.

Jiya ɗan koyon ya turo tambaya, wai fankar gidan yayarsa tana ƙara. Na gaya masa abin da zai duba. Sannan na rubuta, "In ka gama da fankar, akwai aiki a gidana. Mai gidan ba shi da kirki, amma yana so ya nemi afuwa baki da baki."

Alama ta nuna an karanta tun azahar. Har yanzu ba amsa.

Ki zo Larabar. Ki taho da jan biro, mu gyara babin.

Yayanki