Ƙafar 'yar farina na tsagewa, kunya ta hana ni magana

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure, barkanmu da sanyi. Admin don girman Allah a sakaya sunana, a unguwarmu ta Dala kowa ya san kowa. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya a ajin yaƙi da jahilci. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai dabara ta ƙare mini.

Ina da yarinya 'yar shekara tara, ita ce ta fari. Tun da aka yaye ta take ɗakin surukata Hajiya, gida ɗaya muke, sashe ne daban. Kun san al'adarmu ta cikin gari, ana jin kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunanta ba, ba na sa baki a lamarinta, ita ma Yaya take ce mini. Ban taɓa jin nauyin abin ba sai bana.

Duk sanyi jikinta na bushewa, amma na bana ya yi yawa, ƙafa ta yi kaushi, dunduniya ta yi faso har da jini, bayan hannu duk ya tsattsage. Ita kuma Hajiya a wurinta kaushi dauɗa ce kawai. Kullum da safe sai ta dafa ruwa ya yi zafi zau, ta zaunar da ita a tsakar gida, ta sa sabulu da soso da dutsen goge kaushi ta yi ta dirza, yarinya na kuka Hajiya na ce mata yi shiru ƙawata, ba za a ce jikata ƙazama ce ba. Wallahi ba mugunta ba ce, tsohuwar nan ko tsoka ɗaya ta samu ita take ɓoye wa. Ni kuwa ina bakin murhu ina jin kukan, sai in yi ta hura wuta don a ce hayaƙi ne ya sa idona ruwa.

Ran da zan kai ƙanin yarinyar rigakafi asibitin unguwa na ce ta raka ni ta riƙe mini jaka. Nas na ganin ƙafar ta yi salati, ta ce ke ce uwarta? Na ce 'yar gidanmu ce. Yarinyar ta ɗago ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Nas ta ce wannan ba datti ba ne, fata ce ta bushe, dirza da ruwan zafi ƙara tsaga ta suke yi. Ta ce ruwa mai ɗumi kawai, sabulu kaɗan, a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da danshi, a sa mata safa, in wurin ya fara ruwa a dawo da ita.

Na sayo man kaɗanya na kai wa Hajiya a matsayin tsaraba, ta sa albarka, ta shafa a gwiwoyinta, ta ce ita yarinya ba a shafa mai a kan dauɗa sai ta fita tukuna. Na gaya wa maigidan, shi marini ne a Ƙofar Mata, ya nuna mini hannunsa ya ce ai wa ya kai shi kaushi, kuma shi da wane baki zai yi wa mahaifiyarsa maganar 'yar fari. Da na daure na durƙusa na ce Hajiya nas fa ta ce a rage gogewar, sai ta yi dariya ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira, wai ta zo ta ga 'yan zamani, yau uwa ke yi wa 'yar fari lauya. Ta ce in rainonta ne bai yi mini ba ta haɗa mata kayanta yanzu in karɓi abata. Na ce Allah ya huci zuciyarki Hajiya, na fito.

Yanzu yarinyar Islamiyya ma ta daina shiga, don a bakin ƙofa ake cire takalmi, yara na ce mata ƙafar kada, sai ta laɓe a zauren mutane har a tashi. Ga shi maƙwabciyar nan ta ba Hajiya shawarar a narka kyandir a ɗiga a cikin fason wai ya liƙe, har an sayo kyandir ɗin, ran Juma'a za a yi.

Jiya na sami yarinyar a bakin famfo tana alwala, ta kai kan ƙafa ta tsaya, ruwan na shiga tsagar tana cije leɓe. Ta duba ba kowa, ta ce mini a hankali, Yaya ke ba kya gani ne? Na ce ina gani. Ta ce to. Ta ɗingisa ta koma ɗakin Hajiya.

Iyayena mata da ke nan, yaya zan yi? In ajiye kunyar in karɓe ta, a ce na watsa wa tsohuwa ƙasa a ido bayan duk wahalar da ta sha a kanta? Ko akwai kalmar da ake faɗa wa suruka ta ji ba tare da ranta ya ɓaci ba? Ku koya mini ita kafin Juma'a, ni na ce wa yarinyar ina gani, kuma ban san abin da zan yi da ganin ba.