Malam, Ɓeraye Sun Riga Ka Samun Likita

Zuwa ga Malam,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta iso gare ka ba, babu mai kai wasiƙa inda kake. Ko da kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, miƙo mini za ka yi ka ce in gaya maka a taƙaice. To yau babu taƙaitawa.

Lafiya lau muke a Gesse. An yanke shinkafa a fadamar Argungu, ta yi kyau. Babban labari shi ne ɗiyarka Luba ta zo hutu daga ƙasar waje, inda ta tafi ƙaro karatu bayan ta zama likitar dabbobi. Ka tuna yadda kake cika baki a ƙofar masallaci, wai shanu da dawakin manya za ta riƙa dubawa? Malam, ɓeraye take dubawa. Su dai, waɗanda ka ƙare ƙuruciyarka kana bin su da sanda a bakin rumbu.

Ta nuna mini hotunansu. Farare tas. Ɗakinsu da na'urar sanyi, abincinsu a kan lokaci, har nauyinsu ake aunawa. Wai an haife su da irin ciwon da ya ɗauke ka, wanda jijiyoyin da ke sa jiki motsi suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai su Luba su samo wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba, ba su zama jini ba, ba su zama ƙashi ba, su zuba musu a lakar baya da allura, ko za su tallafi jijiyoyin da suka rage. Daga nan a ɗora ɓera kan wani ƙarfe mai juyawa, a ga tsawon lokacin da zai yi bai faɗo ba. Ta ce wasu sun ƙara kwanaki, wasu ba abin da ya canza. Na tambaye ta yaushe za a zo kan mutane. Ta ce tukuna, kuma ta ƙi yi mini alkawari.

Akwai wani mai taurin kai a cikinsu, yakan ƙanƙame ƙarfen har sai an ɓamɓare shi, ga cizon mai ba shi abinci. Ta sa masa suna Malam. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na sake duba hoton. Wallahi har hararar taku iri ɗaya ce.

Ƙanenka Sani kuwa da ya ji labari, sai ga shi daga Gulma a kan babur da gafiya biyu a kwando, wai gudummawarsa ke nan, tunda don ɗan'uwansa ake aikin. Luba ta yi ta bayani cewa nata ɓerayen na musamman ne. Ya ce na Gulma ma ba na banza ba ne, shinkafa zalla suke ci. Ana cikin gardama ɗaya ta huda kwandon ta shige ɗakin ajiya. Tana nan har yau, ta fi kowa ƙiba a gidan.

Yanzu bari in faɗi abin da na ɓoye. Lokacin da harshenka ya yi nauyi ka koma magana da ƙifta ido, sau ɗaya i, sau biyu a'a, ina ganewa sarai. Ranar da nake ba ka labarin bikin gidan Hajiya Kulu kana ta ƙiftawa biyu-biyu, na ce ko wani abu ne ya faɗa maka a ido, har na kawo ruwa na goge maka, ƙarya nake. Shekara talatin da biyu ban taɓa kai zance ƙarshe ba, kullum sai ka katse ni. Na samu dama, na yi amfani da ita. Ka yafe mini. Yanzu kullum ina kai zance har ƙarshe, kuma ko kaɗan ba daɗi. Wa zai ce mini ya isa haka?

Saura abu ɗaya. Na so in riƙe Luba a gida, har na fara yi mata zancen aure. Sai shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce daga hannun babban ɗanka. Kai ma da haka ka fara. Nan take na kama hannunsa. Ya ce zafi ne, kofin ba shi da mariƙi. Na sa shi ya matse hannuna sau uku, har yanzu yatsuna ciwo suke. Luba ta ce yawancin masu ciwon ba gadonsa suka yi ba, in kwantar da hankalina. Na ji ta. Amma washegari ni da kaina na ƙulle mata kilishi da yaji, na ce ta koma bakin aikinta, miji ya jira. Ni da bakina, Malam.

Allah ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Uwar yaranka.