Na'urar da Ta Ramar da Yaya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririya, Allah ya raya mana ita. Mu nan kowa kalau, sai ƙafar Baba da ke ɗan taɓa shi in ya daɗe a zaune.

Na'urar kallon da ka aiko ta iso, kuma wallahi ka iya zaɓe. Baƙa wuluk, sai sheƙi, ga ilimi, don ba ta jin kowane harshe sai wanda babu mai jin sa a gidan nan. Rubutunta kamar kaji sun yi tono. Kawu ya ɗora tabarau ya ce a ba shi wuri, ya danna abu ɗaya, murya ta ɗauke, sai ya tuna ana jiran sa a waje.

Da muka sa faifan da ka haɗo, sai ga ka a allo, dogo siriri kamar muciya. Maiɗakinka ta koma tsinke, jaririya kamar ƙofa ta matse ta. Inna ta ajiye cokali, ta ce dama jikinta ya ba ta, ciwo kake ɓoye mata, a kira ka ka bar aikin nan ka dawo gida. Na ce laifin na'ura ne. Ta ce na'ura ba ta da dalilin yi mata ƙarya, ni ce mai dalili, tunda a kasuwa nake wuni.

Washegari na rufe rumfa da wuri na zauna da rimot. Na shiga inda aka zana hoton duniya, na yi ta sauka layi-layi har na tarar da harshen da muka yi a makaranta. Na dawo da muryar da Kawu ya kashe, sannan na nemo wurin girman hoto. Ashe a kan 4:3 take, ta tsuke ku kamar yadin da ya sha wanki. Na mai da ita 16:9, kuka dawo mutane. A ƙasansa akwai wani mai ƙara buɗe hoto, na ce bari in taɓa. Sai ga kumatu, sai ga tumbi! Inna ta yi dariya har da hawaye, ta cinye kwanonta ta nemi ƙari. Yanzu duk baƙon da ya shigo sai an kunna masa, ya ga yadda ɗanta ya murje.

A nan na bar mata shi. Amma ni na ga na tsakiyan, na gaskiyar, kuma aikina ke nan auna mutane da ido. Rigar da na yanka maka yadinta da hannuna tana yawo a kafaɗarka, Yaya. Ka riƙa cin abinci.

Inna da Baba suna sa maka albarka. Goggo tana gaida maijego, Kawu kuma ya ce a gaya maka shi ya fara gyaran.

Af, in ka zo hutu Inna ta tare ka a bakin ƙofa, wane maɓalli zan danna?

Ƙanwarka,
Mai Yadi