Bindigogin Maigida da Kuregen Lambuna

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Greensboro lafiya lau.

Yakuwar da kika aiko min da irinta ta fito, amma kurege yana neman gamawa da ita. Na ce wa maigidan, mai tara tsofaffin bindigogin iska, ya harbe shi, tunda kullum cika baki yake shi jikan maharbi ne. Ya ɗauko guda, ya goge, ya ɗana, sai ya ce, "Sifirin ɗin da ke cikinta ya girme ki, ba zan lalata shi a kan kurege ba." Gwangwani ya harba, shi ma bai samu ba. Kuregen ko ɗagowa bai yi ba.

A sa mu a addu'a, a gaida Inna. Ki aiko min da danƙon harbin autanki.

Ƙanwarki,
Bilkisu