Zumar da ka aiko a kwalbar giya

Zuwa ga ƙanena Sale,

Bayan sallama irin ta Musulunci, da fatan kabarinka ya yi maka faɗi. Ka san ban iya rubutu ba. Surukina ke rubutawa, na kuma hana shi gyara min magana.

Ɗanka Bashir ya bugo min waya, ya ce a jinyarka ta ƙarshe kana ta tambaya ko Yaya ya sha zumar nan. Ya ce in ba shi amsa ko ya samu nutsuwa. Na ce ba shi ya aiko ba, mai ita zan faɗa wa.

Ban sha ba, Sale.

Ka tuna muna samari aka kafa kamfanin giyar nan a bayan layin dogo. Kafin mu farga ta cika rediyo, ta hau allunan bakin titi, har rigar 'yan ƙwallo. Aka ce wai ita ce giyar ƙasa, kamar ƙasar ta rasa abin alfahari. Kai kuma ka je ka karɓi tuƙin motarsu. Ka ce, "Yaya, ni sitiyari na riƙe, ban riƙe kofi ba." Na ce to riƙe, amma ni da tuwon gidanka har abada. Har yau ban ce ka yi daidai ba.

Ina Makka, ina dako a unguwar Misfala ba takardar iƙama, wata alhajiya daga garinmu ta hau tudun unguwar Nakkasa tana haki, tana tambayar ɗakina. Ta miƙo min saƙonka, ta ce zumar amyar Baba ce, da hannunka ka tace. Ka kankare takardar, ka toshe bakin da totuwa, amma koriyar kwalbar nan ko a duhu na san ta. Na ce a garin Manzo za ka aiko min da wannan? Ko gaisuwa ban ba ta ta kai maka ba.

Abin da ke cina yanzu shi ne, Inna ma da irinta take auna man gyaɗa. Duk kasuwa in an ce kwalba ɗaya, ita ake nufi. Mai kananzir, mai manja, har liman da ita ake kai masa man shanu. Ni kaɗai na ga abin da ba wanda ya gani.

Ga jikokina nan, kullum sai sun sayo lemon sha'ir a kantin baƙala, marar sa maye, suna ce masa bira a gabana. In na yi faɗa su amsa min da Larabci, su yi dariya.

Da aka rushe Nakkasa na bar katifa, na bar tukwane, amma na naɗo kwalbar a cikin rawani. Kar ka tambaye ni dalili.

Yau na cire totuwar. Zumar ta daskare, ta yi baƙi, sai da na sa ta a ruwan zafi. Ƙamshin furen ɗorawar gonarmu na nan, Sale. Na lasa.

Gobe zan je masallacin Tan'im in ɗaura harami in yi maka Umara, ko da a keken guragu ne.

Allah Ya gafarta maka, Ya yafe mana baki ɗaya, Ya haɗa mu inda ba a gaba. Zan ce wa Bashir na sha.

Yayanka,
Idi, daga Aziziyya