Sun Ce Mini Porteur

Zango, Wagadugu

Yaya Kalla, kai da ka yi lakol, ka san faransanci, me ake nufi da "porteur"? Ba ɗan dako ba ne?

Yi haƙuri, na fara ba sallama. Assalamu alaikum. Ina gida, ina Inna, ina yara? Na ba direba Boukari takardar nan don in na aiko murya ta waya Inna za ta ji.

'Yata Ummi ba lafiya. Hannuwa da ƙafafu duk sun kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ihu. A asibiti sun ce amosanin jini ne, nan drepano suke ce masa. Likita ta ce gado ne, wai rabi daga gare ni, rabi daga uwarta Su'ada. Na ce ni da nake ɗaukar buhun masara a tasha?

Ga inda abin ya ɓaci. Su'ada ta san tana ɗauke da shi tun tana 'yar makaranta a lakol. Shi ya sa kafin aure wanta Lassane ya ce in je a duba jinina. Lokacin sabon zuwa nake, faransancina na tasha ne. Na je wata rumfa da ake gwaji, aka huda mini yatsa. Matar ta ce, "Tu es porteur. Porteur sain. Tu comprends?" Na ce wi, har ina mamakin yadda ta san sana'ata. Na tambayi na bayana mene ne "sain", ya ce lafiyayye. Na dawo da murna na ce wa Lassane sun ce lafiyata ƙalau.

Ashe mai ɗauke da cuta take nufi.

Lassane ya zo da moto ya kwashe su zuwa gidansu a Tampouy. A gaban mutane ya ce, "Kai menteur ne, maƙaryaci, ka ɓoye don ka samu 'yar birni." Wallahi ban ɓoye ba. Yaya, a gidanmu akwai wannan abu?

Ka huta lafiya.
Ƙanenka Rilwanu

*

Madawa

Zuwa ga ƙanena Rilwanu, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Takardarka ta iso. Allah ya ba yarinya lafiya.

Game da tambayarka, gidanmu ba mu da cutar gado. Gaskiya ne tsakanina da kai Inna ta binne biyu, Wada da Kaka, kuma dukansu da kumburin hannu suka tafi. Amma kowa ya san sanyin damina ne. Kada ka tayar wa tsohuwa da wannan zance.

Tun farko na ce ka dawo ka auri 'yar Kawu, wadda muka san jininta. Ka ƙi, ka zaɓi wadda uwarta 'yar Mosi ce. Daga can abin ya fito. Ka sallame ta, ka dawo gida, noma na jira.

Wassalam.
Wanka Kalla

*

Tampouy

Baban Ummi, sallama. Ina gajiya?

Ummi da sauƙi, kumburin ya fara sauka, tana shan nono. Ka daina tsayuwa a bakin layinmu, maƙwabta na magana.

Na yarda da kai. Na san ba ka iya ƙarya ba, ko ta wasa. Na faɗa wa Lassane, shi ma da laifinsa, da ya raka ka. Amma Rilwanu, yardata ba ta canza jini. Kai AS, ni AS. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa kamar Ummi, kuma ba a ce don ta zo na gaba zai tsira ba. Na riƙe ta tana ihu ana neman jijiya a ƙafarta. Je ne peux pas, ba zan iya ba. Ba zan sake ba.

Kai kuma kana son 'ya'ya da yawa, kullum kana faɗi. Baba zai aiko maka. Kada ka yi musu da shi.

Allah ya kiyaye ka.
Su'ada

*

Zango

Yaya Kalla, sallama. A gaida Inna.

Na karanta taka. Ban taɓa sanin da kumburin hannu su Wada suka tafi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Da na sani, da na tsaya na ce wa matar nan ta maimaita.

Na koma wurin likita da mai fassara. Ba sanyin damina ba ne, Yaya, kuma ba Mosi ba ne. In daga gefe ɗaya ne kawai yaro ba ya kwantawa. Inna na da rabi, marigayi Baba na da rabi. 'Yar Kawu da kake cewa mun san jininta, ai namu ne, shi ne abin tsoron.

Na tambaye ta, to me ya sa Allah ya zuba mana shi da yawa haka? Ta ce mai rabi zazzaɓin sauro bai cika kashe shi ba. Tun kakanni masu rabi ke rayuwa su haihu, wasu su mutu, har abin ya cika ƙasa. Wato abin da ya raya ni shi ke cin 'yata. Na yi ta juya maganar, ban san ko godiya zan yi ba.

Ba zan dawo ba. Ummi nan take, maganinta nan yake. Ka kai yaranka a duba su, ko ka ji haushina.

Baban Su'ada ya aiko in zo bayan la'asar, liman zai zauna. Na san abin da za su ce in furta. Zan furta, tunda ita ta roƙa. Amma saki ɗaya zan yi, ko Lassane zai fashe.

Ga kiran salla nan, kuma Tampouy da nisa a ƙafa. Bari in tafi.

Rilwanu