Shekarun Matuƙin Jirgi Ba Sa Bin Sa

Zinder, 4 ga Maris 1954

Zuwa ga ɗana Ari,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ƙanwarka Gana tana gaishe ka.

Takardarka ta iso, ban ji daɗinta ba. Ka ce za ka ajiye aikin gidan waya na Yamai ka bi wani kamfani ya koya maka tuƙin jirgin sama. Ban hana ka buri ba, ni ma na bar gida na je lakwal, makarantar koyon ungozoma, har Dakar lokacin da ake zagin uban da ya bar 'yarsa ta tafi. Amma ni na duba inda zan sauka.

Watan jiya na karɓi haihuwar matar wani Bafaranshe matuƙin jirgi. Kansa duk furfura, ya fi shekara ashirin yana tuƙi. Kamfaninsu ya rushe, ya shiga wani, sai aka mayar da shi mataimakin yaron da ya isa ya haifa. Matar ta ce haka dokarsu take: ranar da ka shiga kamfani, ranar aka haife ka, abin da ka yi a baya ba a lissafa shi.

Ka duba majeman garin nan. In majemi ya tashi ya koma Kano, gwanintarsa da girmansa suna tafiya da shi. Ni ungozoma ce, ko Gure aka kai ni gobe, ba wanda zai ce in koma wanke kwano. Aikin gwamnati kuma yana tsufa tare da mai shi. Ka yi tunani, kada ka yi gaggawa.

Mahaifiyarka,
Hajara

Zinder, 19 ga Afrilu 1954

Ari,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka. Mu lafiya lau, sai zafi.

Ashe ka riga ka ajiye aikin kafin ka rubuto mini. Wannan ba neman shawara ba ne, sanarwa ce, kuma ba haka na rene ka ba. Na je wurin shugaban gidan waya na nan in roƙa a dakatar da takardarka ta ajiye aiki. Ya karɓe ni da mutunci, ya ce an riga an ba Ɗan Azumi, ɗan ajinku, kujerarka.

To, ba wurin komowa. Saboda haka ga umarnina: kamfanin da ka shiga, ka zauna a cikinsa. In an tsawata maka, ka haɗiye. In wani kamfani ya yi maka alkawarin alheri, ka toshe kunne. Na san zuciyarka, irin ta mahaifinka ce, ba ta jimre raini, amma a wannan aikin mai fushi shi ke komawa baya.

Na ba direban motar Yamai kilishi da rigar sanyi da na saƙa maka, an ce can sama akwai sanyi ko da bazara. Kada ka bar salla. Allah ya sauke ka lafiya duk inda ka tashi.

Mahaifiyarka,
Hajara